Hakimin Tukunya da Naman Surukarsa

Kowace unguwa a Osaka tana da hakimin tukunyarta, wato mutumin nan da in an zauna cin nama a tukunya ɗaya sai ya naɗa kansa mai mulki, ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Amma na unguwar Juso ya fi na kowa. Sunansa Genzo Shiomi, ko da yake in ka tambaya da sunan nan sai an ɗan yi tunani. Ka ce Hakimin Tukunya kawai, mai sayar da awara na bakin tasha zai nuna maka gidan, ya ƙara maka da shawara kyauta: in ya gayyace ka cin abinci lokacin sanyi, ka ce mura kake yi.

Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata ƙaramar masana'antar kusoshi har ya yi ritaya. Ba ya faɗa da kowa. Da sassafe yakan share ƙofar gidansa ya haɗa da ta maƙwabta. Mutumin kirki ne, na rantse, har zuwa lokacin da za a ɗora tukunya a kan murhu a tsakiyar tebur. Da ruwa ya fara motsi sai ka rasa inda kirkin ya shige. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya nannaɗe hannun riga, ya cafe dogon tsinken raba abinci, shi ke nan kowa ya zama ɗan kallo a kan abincin da ya zo ci.

"Wa ya sa ganyen kabeji yanzu? Gindinsa ake fara sawa, gindi! Ke, ɗauke hannunki daga taliyar nan, sai ƙarshe. Kai kuma awarar nan da kake dagulawa, me ta yi maka?"

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa shi ne nama. Yankan naman sa siririn nan, wanda kake hango zanen faranti ta cikinsa, a wurin Genzo ba dafa shi ake yi ba. Riƙe shi ake yi da tsinke, a kaɗa shi cikin romo can da nan, da jansa ya koma ruwan hoda a ɗaga. Wanda ya saki yankansa a tukunya ya juya yana hira, to ya shirya jin abin da ko ubansa bai taɓa gaya masa ba.

Ba da halin nan aka haife shi ba, ɗora masa aka yi. Shi ne babba a gida mai 'ya'ya rututu, wani ɗan tsukukun gida kusa da kogi. Uwarsu ta kwanta ciwo tun yana firamare, uban kuwa ba ya dawowa daga aiki sai an gama cin abinci, sai dogon tsinken ya faɗo a hannun Genzo. Naman da ake samu a lokacin bai taka kara ya karya ba, ga bakuna da yawa. In ba a tsaya a kai ba masu dogon hannu su kwashe, autar gidan ta tashi da kabeji zalla. Nan ya koyi tsawa, nan ya koyi buge hannu. Nan kuma ya saba da cewa shi sai kowa ya ƙoshi yake ci, ya juye shinkafa cikin sauran romo ya yi fate ya sha. Ƙannen sun girma sun watse, nama ya wadata a gari, amma hali zanen dutse. Ba wanda ya taɓa ganin an sa wa Genzo wani abu a kwano. Shi ke sa wa mutane, suna so ko ba sa so.

A masana'anta, ranar walimar ƙarshen shekara, har ƙuri'a ma'aikata ke jefawa a kan wanda zai zauna a teburinsa, wanda ta faɗa wa a yi masa jaje. Sun yarda dai tukunyarsa ta fi ta kowa daɗi, amma wa ke son daɗin da sai an ci zarafinsa? Matarsa Masae ma, ranar da ya fara fita da ita, daga bakin tsinken cin abincinta ya ƙwace nama, wai ta kashe naman da dahuwa. Ta aure shi duk da haka, don a cewarta ba ta taɓa ganin namijin da zai ciyar da tebur guda ya manta da cikinsa ba. Takan ce da bazara tana alfahari da zaɓin nan nata, da sanyi ya shigo kuwa sai cizon yatsa.

Wanda ya kasa irin haƙurin Masae shi ne ɗansu tilo, Noboru. Ranar da ya kawo yarinyar da zai aura gida, Natsumi, 'yar mutanen Nagoya, Genzo da kansa ya je wurin mahauci ya zaɓo nama na gani na faɗa. Yarinya ta ga surukinta na ta fama shi kaɗai, ta ce bari ta kama masa, ta ɗauki farantin naman ta juye shi gaba ɗaya cikin tukunya. Kafin kowa ya ankara Genzo ya kai mata tsinke a bayan hannu, ƙwal, kamar yadda yake yi wa ƙannensa. Ba wani duka ba ne, in ji shi, ko ƙuda ba zai mutu ba. Amma 'yar mutane ce, ranar farko, a gaban kowa. Ta shige banɗaki ta yi kukanta, Noboru ya ɗauko mata jaka suka fice. An yi biki, Genzo ya zauna a ciki kamar wanda aka gayyata bisa kuskure, daga nan suka tare a Nagoya. Sabuwar shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ɗakin da Masae ke gyarawa ba wanda ya kwana a ciki. Noboru yakan kira uwarsa a waya. In uban ne ya ɗauka sai a gaisa, a taɓa zancen sanyi ko zafi, a ce a ba Mama.

"Naman fa ta lalata," abin da Genzo ke cewa ke nan duk lokacin da Masae ta tayar da zancen.

"To ga naman can, ka je ka kira shi ɗanka."

Ana nan, farkon sanyin bana, Masae ta ajiye waya ta zo ta tsaya a kansa yana yanke farce.

"Za su zo ran Asabar. Sun gayyace mu cin abinci a waje."

Murna ta kama Genzo, amma ya ci gaba da farcensa. "A ina?"

"Gidan shabu-shabu, na naman tukunyar nan, na saman kantin magani, bayan tasha."

Ya ɗago kai. "Duk gidajen abincin da ke Osaka? Ba gidan kifi ba, ba gidan taliya ba, sai gidan tukunya?"

"Natsumi ce ta zaɓa. Kuma ga saƙon ɗanka, ka buɗe kunne da kyau, Baban Noboru. Ya ce in ka taɓa dogon tsinke, ko ka buɗe baki a kan abin da ke cikin tukunya, za su tashi, ba kuma za ka ƙara ganin ƙeyarsu ba. Ni ma ga nawa: in suka tashi, da ni za su tashi."

"Haba! Wannan ai an ajiye kifi ne a gaban mage an ce ta kalli bango."

"To ka kalli bangon."

Ya yi alkawari. Ya sake yi ran Alhamis da ta nema, ya kuma yi ran Juma'a. Ran Asabar tun rana ba ta gama faɗuwa ba suka hau matattakalar gidan, suka cire takalma, aka kai su wani ɗan ɗaki mai tabarma da gajeren tebur, murhu a tsakiya. Ƙafafun Genzo suka kai shi inda suka saba, daidai makunnin wuta. Masae ta janyo shi ta riga ta kai shi can lungu jikin bango, ta zauna dab da shi, ta ce ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya. Tsoho da furfurarsa ya zauna a kan hannuwansa kamar ɗan makarantar da aka yi wa horo.

Ba a daɗe ba ƙofa ta zuge. Noboru ya yi ƙiba, gashi har ya fara janyewa daga goshinsa, sak irin na uban. Natsumi na bayansa, ta ɗan rame, cikin wata riga mai yalwa. Aka rusuna, aka gaisa, aka tambayi hanya, aka ce jirgin bai cika ba. Sai magana ta ƙare. Maza suka ce a kawo giya, Natsumi ta ce ita shayin sha'ir ya ishe ta. Masae ta dube ta, ta sake dubanta, wani murmushi ya fara tsiro mata a gefen baki. Genzo ya ɗauka shi take yi wa dariya, ya sha mur.

Mai kawo abinci ta durƙusa ta jera farantai, ta kunna wuta, ta ajiye dogon tsinke da ɗan ludayin kwasar kumfa. Da yake 'yar Juso ce, ta san wanda ke lungu, sai ta juya kan tsinken wajensa ba tare da an ce mata ba. Masae ta miƙa yatsa ɗaya ta juya shi wajen Noboru.

"Ni zan kula da tukunya," in ji Noboru. Bai kalli ubansa ba.

To fa. Ganyen tekun nan da ake sawa don romo ya yi ɗanɗano, wanda ko yaron goye ya san ana tsame shi kafin ruwa ya tafasa, Noboru ya bar shi yana ta birgima a ciki har romon ya fara yauƙi. Ya murɗa wuta har ƙarshe. Ya kwaso ganyen kabeji da gindinsa da naman kaza da lawashi ya watsa su tare kamar mai zubar da shara. Awara kuwa daga sama ya jefa ta, ta tarwatse tun ba ta ji zafi ba. Wai yaron nan a gidan wa ya tashi? Shekara da shekaru yana zaune a gaban tukunyar da ta fi kowace tukunya a Juso, ashe baki kawai ya kawo, ido ya bar shi a ɗaki. Genzo ya buɗe baki. Yatsun Masae suka sami tsokar cinyarsa ta ƙarƙashin tebur suka murɗe. Maganar ta koma ciki ta fito a matsayin tari.

"Baba, lafiya?" in ji Noboru, yana jiran abin da zai biyo baya.

"Lafiya lau. Giya ce ta sarƙe ni."

"Ban ga ka sha ba."

"Ƙanshinta ne."

Sai kumfa ta taso. Toka-toka, ta taru a gefen tukunya ta yi tozo, tana kumbura tana lotsawa, ludayin na kwance a gefe ba wanda ya ce masa sannu. Genzo ya kalli ludayi, ya kalli ɗansa, ya sake kallon ludayi da ƙarfi yadda ko makaho zai ji a jikinsa. Noboru ko gezau, yana ba uwarsa labarin cunkoson motoci a Nagoya. Cunkoson motoci! Ga cunkoso a gabansa yana tafasa.

Ba a dai hana shi cin nasa ba. Ya zaro hannu ɗaya, ya ɗauki yanka guda da nasa gajeren tsinken, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ya sauke shi a hankali, ya kaɗa can, ya kaɗa nan, ya ɗaga. Ya juya shi a hasken fitila don a ga launin da kyau, sannan ya tsoma a miyar riɗi.

"Wa'azi da hannu ma wa'azi ne," Masae ta raɗa masa. "Ci ka rufa mana asiri."

Ya ci. Romon ya riga ya ɓata shi. Daga wannan kuwa bai ƙara ba, don gaskiyar magana Genzo bai iya cin abinci ba alhali ba a gama ciyar da tebur ba. Kwanonsa ya koma fanko ya zauna haka, hannun ya koma ƙarƙashin cinya.

Da a nan abin ya tsaya da ya daure. Sai Natsumi ta miƙa tsinkenta. Ta ɗauki yanka, ta tsoma a romo, ta sake shi. Ta saki! Ta juya tana ba Masae labarin gidan da suke haya da yadda rana ba ta shiga kicin ɗin. Nama ya yi ruwan hoda, ba wanda ya waiwaye shi. Ya wuce nan ya yi fari, ya yi toka, ya ƙudundune kamar tsumman goge tebur. Sai da ta kurɓi shayi sannan ta tsamo shi, ta duba gabansa, ta duba bayansa, ta sake mayar da shi ciki. Gumi ya keto wa Genzo a tsakiyar sanyin nan. Yanzu ya gane. Da gangan ne! Shi ya sa ta zaɓi gidan nan, ta sa aka ɗaure masa hannu da baki, don ta zauna a gabansa ta gasa masa aya a hannu yanka bayan yanka. Ramuwar gayya ce, kuma ta iya.

Ta yi wa na biyu haka, ta yi wa na gaba haka. Abin da ya fi ƙona masa rai, Masae sai tura mata faranti take yi, bakinta har kunne.

"Ci, 'yata, ƙara. Bar shi ya dahu sosai, kada ki yi gaggawa."

Genzo ya juya ya kalli matar da ya kwashe rayuwarsa yana koya wa cin nama. Ya dahu sosai? A bakin Masae? Duniya ina za ki da mu. Ta sakar masa harara ta sake kai masa mintsini a inda ta riga ta yi wa tabo.

A tsakiyar babban farantin akwai yanka ɗaya da mahaucin gidan ya naɗe kamar fure, kitse ya ratsa shi siri-siri ko'ina. Tun da aka ajiye farantin idon Genzo ke kansa, ba don ya ci ba. A ransa ya riga ya ba Natsumi shi. Da an bar shi, da ya kaɗa mata shi da hannunsa ya sa mata a kwano, ta ci ta ji abin da ake nufi da nama, wannan kuma shi ne ban haƙurin da bakinsa ya kasa furtawa duk shekarun nan. Yana cikin wannan tunani tsinken Natsumi ya sauka a kan furen. Ta ɗaga shi, ta jefa cikin kumfar nan, ta saki.

Daidai nan Noboru ya ajiye tsinkensa, ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Baba, Mama, akwai maganar da ta kawo mu."

Genzo bai ji ba. Idonsa na cikin tukunya. Ruwan hoda ya zo. A ɗaga, ya ce a ransa, a ɗaga mana, wani ya ɗaga. Gefen ya fara fari. Kitsen na narkewa yana bin kumfa. Masae ta ga abin da ke tafe ta kama cinyar da hannu biyu, amma ina, zuciya ta riga ta zo wuya. Bai san sanda ya miƙe a kan gwiwoyi ba, bai san sanda hannunsa ya tsallake tebur ya cafe dogon tsinken ba. Ya tsamo naman ya ɗaga shi sama yana ɗiga.

"Wannan nama ne ko tafin takalmi? Saniyar nan ta mutu sau ɗaya a hannun mahauci, sai kin sake kashe ta? Me ta yi miki, 'yar nan? Me na yi miki?"

Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Noboru bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya miƙe ya ciro kwat ɗinsa daga jikin bango.

"Natsumi, tashi mu tafi." Sannan ya dubi ubansa, karon farko tun shigowarsa. "Likita ne ya ce kada ta ci nama sai ya dahu ƙwarai. Juna biyu gare ta. Maganar da muka ɗauko tun daga Nagoya ke nan. Ka ji ta, sai ka riƙe."

"Ni tun da ta ce shayi na gane!" in ji Masae, tana jawo jakarta, hawaye na zuba. "Kowa ya gane, har yarinyar da ta kawo farantai. Sai kai, tsohon kawai, idonka na cikin tukunya. Ka zauna da ita, ta haifa maka jika."

Genzo na nan a kan gwiwoyi, hannu a sama, naman na ɗiga a kan tebur. Kunya ta rufe shi, bayanta kuma tsoro, tsoro na gaske irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka fitar da uwarsa zuwa asibiti. Ya hango kansa a gida shi kaɗai, ga romo garau ba ɗigon kumfa, ga nama ruwan hoda, ba kowa a gefen tebur. Kalmar ban haƙuri tana nan a bakinsa, ya san ta sarai, amma bai taɓa faɗar ta a gaban tukunya ba, ta ƙi fitowa.

Natsumi ba ta motsa daga inda take ba.

"Ni fa ban ƙoshi ba."

"Natsumi."

"Na ce ban ƙoshi ba. Sati da satuttuka ba abin da ke zama a cikina, yau na samu abin da raina ke so, ka ce in tashi?" Ta juyo ta dubi Genzo ido cikin ido. "Ni na zaɓi gidan nan, Baba. Na ce in ba zan iya cin tukunya ɗaya da kai ba, gara in sani tun kafin a haihu. Har yanzu tsoronka nake ji. Amma kumfar nan tun ɗazu take tayar min da zuciya. Ɗanka bai iya ba, shiru kawai na yi."

"Ni?" in ji Noboru, hannu ɗaya cikin kwat.

"Kai mana. A gida ma haka kake dagula mana." Ta tura kwanonta gaba kaɗan. "A kwashe min ita, Baba. Naman kuma a kashe min saniyar sau biyu, kamar yadda ka ce. In da hali ma sau uku."

Genzo ya dubi dogon tsinken da ke hannunsa. Ya dubi ɗansa da ke tsaye a bakin ƙofa. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar da tsinken ya faɗo a hannunsa yana yaro.

"Noboru," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In taɓa?"

Masae ta ƙanƙame jaka.

"Ai ka riga ka taɓa," in ji Noboru. Ya zare hannunsa daga kwat ya mayar da ita bango, ya dawo ya zauna. "Amma ka buge hannun wani, ko nawa ne, mun tafi."

Genzo ya rage wuta. Ya tsamo ganyen tekun da ya riga ya zama majina, ya ajiye shi a gefe, ya so ya ce wani abu ya haɗiye. Ya bi kumfa da ludayi lungu-lungu har romon ya washe, ya sa aka ƙaro ruwan zafi, ya tattara gawar awarar gefe guda. Duk wannan bakinsa a rufe, jijiyar wuyansa kaɗai ke magana. Sannan ya zaɓi yankan da ya fi kyau cikin waɗanda suka rage, ya riƙe shi, ya sauke cikin romo.

Ruwan hoda ya zo. Hannun ya tashi da kansa, ba da izininsa ba. Ya sa hannun hagu ya damƙe wuyan na dama ya danna shi ƙasa. Da ya ga ba zai iya kallo ba sai ya kau da kai ya zuba wa bango ido, ya bar naman yana ta shan azaba. Can ya tsamo shi, toka-toka, a ƙudundune. Ya buɗe shi da tsinke ya duba kowace kusurwa, ya ga wani ɗan ɗigon ja da bai kai ƙwayar riɗi ba, ya sake mayar da shi da kansa. Sai da ya tabbatar ba sauran rai a jikinsa sannan ya sa mata a kwano.

Ta tsoma a miyar riɗi ta ci. Ta lumshe ido.

"A ƙara, Baba."

"An zalunci saniya," ya ce can ƙasan maƙoshi.

"Me ka ce?" in ji Masae.

"Na ce ta ci da zafinsa."

Ya ƙara mata, ya kuma ƙarawa. Ya sa mata gindin kabeji da ya yi laushi, ya tsamo wa Masae naman kaza, ya tura wa Noboru abin da ya tsira daga awarar da ya kashe. Hira ta fara dawowa a hankali, Masae na tambayar watan haihuwa, tana lissafin abin da za ta saƙa. Kwanon Genzo na nan fanko a gabansa kamar kullum, shi bai ma lura ba.

Noboru ne ya lura. Ya ɗauki yanka guda da nasa tsinken, ya riƙe shi bai saki ba, ya kaɗa can, ya kaɗa nan, ya ɗaga. Ya miƙa hannu ta saman tebur ya ajiye shi a kwanon ubansa, yana kallon wani wuri daban.

"Ci, Baba."

Genzo ya tsaya yana kallon kwanon. Tunda yake ba a taɓa yi masa haka ba. Idanunsa suka cika, ya goge da hannun riga ya ce tururin gidan nan ya yi yawa. Ya ɗaga naman. Ya wuce lokaci, ba shakka ya wuce, gefensa har ya fara toka, duk mai ido zai gani. Ya buɗe baki. Masae ta shirya yatsunta.

Sai ya sa naman a ciki ya tauna.